Kunnen Rahama na Hagu

Zuwera ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun muna yara a Damagaram ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Da ta gama karatu ta samu aiki a Yamai, a wani puroje na lafiyar mata da yara. Aikinta shi ne zagaya ƙauyukan Maradi da Tawa tana koya wa iyaye mata yadda za su gane yaro ba shi da lafiya tun ciwo bai yi nisa ba. Baki gare ta kamar rediyo. Mijinta Bello malamin lakkol ne, wato makarantar boko, a Agadas, sai an yi hutu yake zuwa.

Da ta haifi Rahama, hutun haihuwa ya ƙare, ta rasa wanda za ta bar wa jaririya. Ni ina unguwar Lazare a nan Yamai da keken ɗinkina da yara biyar, na ce ba zan iya ba. A gidan hayarsu na unguwar Yantala akwai wata dattijuwa Bazabarmiya mai suna Zeinabu, ita ta ce a kawo mata. Zuwera takan fita yarinya na barci, ta dawo a gajiye liƙis, wani lokacin ta yi kwana goma a ƙauye. Rahama ta yi rarrafe a ɗakin Zeinabu, a nan ta fara tafiya, a nan bakinta ya buɗe. Da Zabarmanci ya buɗe.

Dariya muka riƙa yi. Ni ce ma kan gaba wajen tsiya: “Zuwera, yaushe kika haifo mana Bazabarmiya?” Ita kuwa Zabarmancinta bai wuce gaisuwa ba. Kullum sai ta ce bari aiki ya yi sauƙi ta zaunar da yarinya ta koya mata Hausa. Har Rahama ta shekara huɗu aiki bai yi sauƙi ba.

Sai aka ce za a naɗa shugabar sashe. Zuwera ta so ta haƙura, ni na zuga ta. Na ce, “Ke dai nemi abinki, yaro ai tashi yake yi.”

A makon da take shirin ganawa da manyanta, Zeinabu ta tafi Doso ta'aziyya. Zuwera ta riƙa ajiye mini Rahama da safe, ta ɗauke ta da yamma. Yarinya ta yi ta ƙananan koke-koke, tana riƙe zanen uwarta tana maimaita magana ɗaya. Zuwera ta ɗauka kewar Zeinabu ce. Ta saya mata biskit, ta ba ta waya ta kalli hotuna, ta koma kan takardunta.

Ran kwana na huɗu zazzaɓi ya rufe yarinyar, muka kai ta asibitin unguwa. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi Zuwera ina ke mata ciwo. Zuwera ta ce ba ta sani ba. Matar ta durƙusa ta yi wa Rahama magana da Zabarmanci, nan take yarinya ta amsa.

“Kunnenta ne,” in ji matar. “Ta ce ta yi kwanaki tana faɗa.” Ta leƙa kunnen, ta ɓata fuska. “Ya riga ya yi ruwa. Madam, ina mahaifiyarta? Ki kira ta, ita ya kamata in yi wa faɗa.”

Zuwera ta sunkuyar da kai. Matar da ke tara mata ɗari ƙarƙashin bishiya tana yi musu gargaɗi! Mai dokar barci ta ɓige da gyangyaɗi. Da ƙyar ta ce, “Ni ce.”

Akwai abin da ban taɓa faɗa mata ba. Ni na daɗe a Yamai, ina ɗan jin yaren. Tun ranar farko na ji yarinyar ta ambaci kunne. Ɗinkin biki ya sha mini kai, na ce zan faɗa wa uwarta da yamma, na manta. Har yau in na tuna sai kunya da baƙin ciki su rufe ni.

Zuwera ta samu muƙamin. Ba ta bar aiki ba, ban kuma ce ta bari ba, don da shi take riƙe da gida. Amma ta daina karɓar tafiya biyu a jere, ran Asabar kuma takan shimfiɗa tabarma a ƙofar Zeinabu ta ce, “Iya, ga ɗalibarki ta zo.” Abin da ta fara roƙo a koya mata shi ne yadda ake cewa, “Ina ke miki ciwo?”

Rahama ta warke, yanzu tana lakkol, Hausa ma ta fara zama a bakinta. Sai dai likita ya ce jin kunnen hagu ya ragu, kuma da wuya ya dawo. Duk sa'ad da Zuwera za ta yi mata magana, ko a tsakiyar kasuwa ne, sai ta fara zagayowa ta hannun daman yarinyar.