Ranar da Muka Kai Yaya Mamman Teku

Madain Fahd

Tun kafin a kira asuba na ji Faisal yana jigilar tabarmi da tulun ruwan sanyi zuwa mota. Faisal ɗan yayana ne, haihuwar Jidda, direban motar kaya kamar yadda ubansa ya yi. Ni kuwa baƙuwa ce. Daga Yawuri na zo umra, na ce ba zan koma ba sai na ɗan zauna a unguwarsu, Madain Fahd, da Yaya Mamman, wanda rabona da shi tun rasuwar Innarmu.

Mutanen gida, kun san Yaya Mamman da ruwa. Shi ne yake haye Kwara da iyo lokacin da ta yi cikar da masu kwalekwale ma suke shakkarta, shi ne kuma ya koya mini iyo ina 'yar ƙarama. Amma bara shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Hannu da ƙafar hagu sun yi nauyi, magana sai a hankali. Ciwon bai dame ni kamar zaman ba. Ko ƙofar gida ya daina leƙawa, wai kada abokan aikinsa su gan shi a keken guragu. Likitansa ya ce motsa jiki cikin ruwa zai amfane shi, aka yi maganar aka bar ta a nan. Da na ji haka na ce ranar Asabar za mu teku, ban kuma yi shawara da kowa ba.

Matarsa, wadda kowa ke kira Ummu Faisal, ta tare ni a madafa tana zuba shinkafa a kula.

"Hajiya Rabi, bahar fa ba kogi ba ne. In ya shaƙi ruwa me za mu ce?"

"Ina tsaye kusa da shi ba zai shaƙa ba. A cikin ruwa na girma."

"Shi ya yarda?"

"Bai ce a'a ba."

 Da aka idar da salla Faisal ya goyo shi ya sauko da shi matakala, ya zaunar da shi gaban mota. Ni da Ummu Faisal da jikokinta mata biyu muka shiga baya.

Hanya

Mun tsaya bakin unguwa wajen wani mai tanda, muka sayi tamis, wato gurasarsu mai faɗi, da ful, dafaffen wake mai zafi da aka kwarara wa mai. Daga nan muka hau babban titi muka miƙi arewa, tafiyar da ta kusa awa guda. Muka bar unguwar Aziziyya a hagu, muka wuce filin jirgi, gidaje suka fara raguwa.

Bayan unguwar Abhur muka tarar da shingen 'yan sanda. Faisal ya sauke gilashi ya nuna iƙamarsu, wato katin izinin zama, ni na miƙa fasfo. Jami'in ya duba, ya leƙo ya ga keke a bayan mota.

"Asibiti?"

"Bahar," in ji Faisal.

Ya yi murmushi ya ce wa Yaya, "Salamat, ya ammi," wato Allah ya ba da lafiya, baffa, ya ɗaga mana hannu. Yaya bai dube shi ba. Tun daga gida idonsa yana kan gwiwarsa.

Bakin gaɓa

Wurin ƙarami ne, wata 'yar mashaya ce ta jiragen masunta. An yi doguwar katangar duwatsu ta tare igiyar ruwa, jirage suna ɗaure a ɓangare guda, ɗaya ɓangaren kuma yashi ne da rumfuna na iyalai. An kewaye wurin iyo da igiya mai ƙwallaye ja, akwai mai tsaro zaune a kujera mai tsawo. Akwai banɗaki da famfon wanke gishiri da ɗan masallaci. Ba a karɓi ko sisi a ƙofa ba. Mun riga yawancin mutane zuwa, muka sami rumfa ta kusa da ruwa.

Ina fita daga mota warin kifi da na man inji ya buge ni. Wallahi sai na ji kamar ina mashayar Yawuri ranar kasuwa. Na waiwaya na ga Yaya ya ɗaga kai, hancinsa yana motsi.

Muka karya kumallo. Na fito da yajin ƙuli da na zo da shi daga gida na barbaɗa a ful, Ummu Faisal ta ce na ɓata musu abinci, sai ga shi ita ta fi kowa dangwala. Yara suka ruga ruwa da kayan jikinsu. A nan mata ma haka suke shiga, doguwar riga da wando da ɗankwali, babu mai kallon wani.

Na tura keken Yaya zuwa inda masunta ke sauke kamun dare. Wani dattijo yana zaune yana ɗinkin taru. Yaya ya daɗe yana kallon hannunsa, can ya ce a hankali, "Ƙullinmu ne." Maganarsa ta farko ke nan a ranar. Faisal ya yi ciniki ya sayi kifi uku da suke kira sha'ur, ya bayar a gasa mana kafin azahar.

Cikin ruwa

Na fara shiga ni kaɗai don in san ƙasan. Yashi ne mai laushi, sai duwatsu masu kaifi jefi-jefi, shi ya sa Faisal ya sa kowa ya saka takalmin roba. Ruwan ɗumi ne, garai-garai, ina ganin yatsun ƙafata. Na kwanta a kai sai ya ɗaga ni. Wanda ya saba da kogi zai yi mamaki, ruwan gishiri ɗaukar mutum yake yi da kansa. Na je har igiya na dawo, na tabbata babu rami babu ja.

Na fito ina ɗiga na tsaya gabansa.

"Yaya, tashi mu je."

"Mutane."

"Kowa yaransa yake kallo. Ba wanda ya san ka a nan sai ni."

Ya dubi ruwan, ya dube ni. Sai ya sa hannun dama ya fara ɓalle maɓallin rigarsa.

Faisal ya aro rigar hana nutsewa wajen mai tsaro. Yaya ya ture ta. Na ce ko ya sa ko mu koma gida yanzu, ya harare ni, ya sa. Muka riƙe shi, ni a hagu Faisal a dama, muna jan ƙafa har ruwa ya kai ƙugu. Nauyin da yake kafaɗata na ji yana raguwa. Da ya kai ƙirji, ƙafar da aka ce ba ta ɗaukarsa ta tsaya da kanta.

"Kwantar da shi," na ce wa Faisal.

"Ammati, da gaske?" Haka yake kirana, wato goggo.

"Kwantar da shi. Ina riƙe da ƙeyarsa."

Ya kwanta rigingine, tafin hannuna a ƙarƙashin kansa. Jikinsa a sanƙare yake da farko. Na ce ya saki wuya, ya bar wa ruwa nauyin. A hankali ya saki. Hannun dama ya fara shara ruwa, ƙafar dama ta bi, muka soma tafiya.

Muna cikin haka wani jirgin inji ya shigo mashaya da ɗan gudu, igiyar da ya tayar ta iso mu. Ta farko ta wuce, ta biyu ta rufe masa fuska. Ya yi tari, ya birkice. Daga bakin gaɓa na ji Ummu Faisal tana salati, mai tsaro ya miƙe tsaye. Faisal ya cafko shi yana cewa, "Halas, halas, yalla mu fita."

Na riga na juya shi, haɓarsa tana kan hannuna, na ga numfashinsa daidai yake. Na bar shi ya yanke da kansa. Ya gama tari, ya tofar, idonsa ja saboda gishiri.

"Sake ni," ya ce wa ɗansa.

"Baba…"

"Sake ni. Rabi ma ta saki."

Na ɗaga wa mai tsaro hannu alamar lafiya. Na janye hannuna, amma ban yi nisan da ya wuce taku ɗaya ba. Ya kwanta a ɓarin da ba ya aiki, ya sa mai lafiyar a sama, ya fara ja. Iyon ba kyau, yana karkata hagu kamar kwalekwale mai filafili ɗaya, amma yana ci gaba. Ina biye da shi har ya kai igiya ya kama ta. Ya rataya a nan yana haki, ya juyo ya dube ni.

"Har yanzu kina buɗe yatsu in kina ja," ya ce.

Na yi dariya har ruwa ya shiga bakina. Faisal bai gane abin da ake wa dariya ba, yana tsaye yana share fuska, ba kuma gishiri kaɗai yake sharewa ba.

Azahar

Muka fito, Faisal ya wanke shi a famfo ya sauya masa kaya. Kifi ya iso a gashe, aka buɗe kular shinkafa. Ummu Faisal ta zauna za ta cire masa ƙaya kamar yadda ta saba a gida, ya janye farantin gabansa, ya kama kan kifin ya ci da hannunsa. Ya ce bai kai giwan ruwa daɗi ba, amma ba laifi. Ita kuwa sai ta ɗauki tsokar da ta fi girma ta ajiye a gabana.

Bayan salla rana ta yi zafi, yashi ba ya takuwa. Rumfuna sun cika da iyalai, Larabawa da 'yan Sudan da Indiyawa, kowa da tukunyarsa. Muka naɗe tabarmi muka ba wasu wurin.

Komawa

Yara suka yi barci tun kafin mu hau babban titi, Yaya ma haka, bakinsa a buɗe. Dab da la'asar muka shigo Madain Fahd. A ƙofar gida akwai maƙwabta biyu zaune a benci, tsofaffin abokan tuƙinsa. Faisal ya rage tafiya yana shawarar ko ya zagaya ta baya. Yaya ya farka, ya gan su, ya ce a tsaya nan. Aka sauke keke aka zaunar da shi a gabansu.

"Abu Faisal, daga ina haka?"

"Daga iyo," in ji shi.

Muka shige da kaya muka bar shi a nan suna hira. Sai da aka kira magariba ya aiko a hau da shi.

Ban ce muku ya warke ba. Hannun yana nan yadda yake, matakala ma sai an goya shi. Amma kafin in taso ya sa Faisal ya nemi a riƙa ba shi hutun Asabar a wurin aiki. Na gode wa Ummu Faisal da ta danne tsoronta, da Faisal da ya ɗauki ubansa a baya, da mai tsaron da ya tsaya bai hana mu ba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Yaya yana gaida mutanen mashayar Yawuri, kowa da kowa.