Iro Mai Zuma da Shagon da Ba Ya Ƙamshi

Duk wanda ya san Iro mai zuma na Gwangwan ya san bai taɓa yarda da abu ba sai ya kai shi hanci. A ba shi goro, ya sansana. A ɗinka masa riga, ya sansana. Ranar da likita ya ba shi takarda wai hawan jini gare shi, ya juya ta gaba da baya, ya sansana, ya miƙa wa likitan abarsa ya ce, "Wannan ba tawa ba ce." Ni Asabe taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka ina da ikon faɗar abin da na ga dama a kansa. Yana raye na faɗa, yanzu ma ba zan fasa ba. Ku da kuka san shi, ku zama shaida.

To, 'yarsa Rabi mijinta ya rasu, ta dawo gida da 'ya'ya uku. Dangin mijin da ke Jajaye suka aiko cewa in ba za ta iya riƙonsu ba a kawo musu jininsu. Rabi ta yi makaranta, ta kuma ga yadda 'yan sari ke kwashe zumar ubanta a kasuwar Rogo a wulaƙance, su kai birni su dama ta da sukari, su ce ta Gwangwan ce. Ta ce za ta buɗe shafi a intanet, shago ke nan a cikin waya, mutanen nesa su saya kai tsaye daga hannunta. Ta sayar da keken ɗinkinta, abin da ya rage mata ke nan, ta kai kuɗin wajen wani Nura mai shagon kwamfuta a Ƙaraye, wanda ake ce wa Injiniya. In shagon ya tsaya, yara sun zauna. In ya faɗi, babu keke, babu yara.

Ranar da Injiniya ya kawo aiki ina zaune a tsakar gidan ina ɓarar gyaɗa. Ya shigo da takalmi mai tsini, ya miƙa wa Iro waya da hannu biyu, ya ce, "Baba, ga shagonku."

Iro ya karɓa, ya kai hanci, ya ja numfashi har sau uku. Ya ce, "Rabi, an cuce ki. Shagon zuma ne wannan, ko ƙuda ba zai bi shi ba?"

Injiniya ya yi dariya ya ce ai ba a jin ƙamshi a waya, gani ake yi. Ya shafa gilashin, sai ga wani Bature cikin farin kaya kamar mai shirin fiɗa a asibiti, kansa a cikin raga, yana riƙe da kwalba yana murmushi.

Iro ya ce, "Wane ne wannan?"

"Hoto ne kawai, Baba, a intanet na ɗauko. Yana sa mutane su ga aikin na ƙwararru ne."

"Shi ya hau ɗorawa ya ɗaura amya?"

"A'a, Baba."

"Shi zuma ta harba a fatar ido?"

"A'a."

"To me yake wa dariya? Cire shi. In mai saye ya zo ya ce ina Baturen, Asabe zan nuna masa?"

Aka sa ranar ɗaukar hoto. Rabi ta wanke masa babbar riga, ta kai aka buga, ta aro hula. Kun san abin da bawan Allah nan ya yi? Da sassafe ya tafi duba amya, zuma ta ɗaura masa ɗaya a ƙarƙashin ido, ya dawo fuska kamar an hura salka, ido ɗaya a rufe ruf. Rabi ta ce a ɗaga zuwa wani makon. Ya ce, "Yau za a ɗauka. Wannan kumburin shi ne takardar makarantata." Ya ƙi rigar, ya tsaya a gindin ɗorawa da tsohuwar taguwarsa mai warin hayaƙi, saƙar zuma a hannu. Na ce, "Iro, ko jinjiri ya ga hoton nan sai an yi masa rubutu." Ya ce, "Ke da ido biyu ma ba ki fi ni ba."

Sai maganar gaisuwa. Injiniya ya sa wani jan abu a saman shafin, an rubuta SAYA YANZU. Da Rabi ta karanta masa, Iro ya dafe ƙirji.

"Saya yanzu? Ko sallama babu? Mutum ya taso daga Kaduna ya shigo shagona, ban tambaye shi gajiya ba, ban tambayi mutan gida ba, sai in daka masa tsawa?"

Ya zauna ya jero abin da za a rubuta: sallama, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, yaya aka ji da hanya, ya mai jiki in akwai. Injiniya ya ce, "Baba, mutanen intanet ba su da haƙuri, kafin su gama karanta wannan sun tafi." Iro ya ce, "Su tafi. Marar haƙuri ba ya shan zumata, ya je ya sha sukari." Rabi ce ta yi ta lallami har aka tsaya a sallama da ina gajiya. Kwana biyu bai yi mata magana ba, wai ta yanke masa iyalin mutane.

Amma inda aka yi ta shi ne wajen yabo. A ƙasan shafin Injiniya ya jera maganganun masu saye. Rabi ta karanta: wata Hajiya Balki daga Abuja ta ce ba ta taɓa shan zuma irin wannan ba. Iro ya washe baki, ya gyara zama.

"Allah sarki, Hajiya Balki! 'Yar gidan wa ce? Rabi, zuba mata kwalba ɗaya a kai mata tukwici."

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, ai babu ita. Haka ake yi kafin masu saye na gaske su fara zuwa. Kowa haka yake yi."

Iro ya rufe bakin da ya washe, ya dubi Injiniya sama da ƙasa. Can ya ce, "Yaro, kai ma ɗan sari ne ashe. Su suna zuba sukari a zuma, kai kana zuba shi a magana." Ya kai hanci kusa da kafaɗar Injiniya, ya sansana, ya ce, "Na ji tun da ka shigo, na ɗauka turare ne."

Rabi ta fashe da kuka. Ta ce, "Baba, ka cire Bature, ka ɓata hoto, yanzu ka cire yabo. Wa zai yarda da mu? So kake a kwashe mini 'ya'ya?" Ya ce, "Taso da wayarki." Ya ja ta gida gida, duk wanda ya taɓa shan zumarsa ya faɗi abin da ya sani, a rubuta da sunansa da unguwarsa, ba ƙari ba ragi. Liman ya ce tana wanke maƙogwaro kafin huɗuba. Unguwarzoma ta ce ita take ba masu jego. Da suka zo kaina na ce ba ruwana. Ya ce sai na faɗa. Na ce, "To rubuta: zumarsa ba algus, halinsa ne ba daɗi. Shekara sittin bai taɓa ba ni lasa ɗaya kyauta ba."

Rabi ta ce, "Goggo, don Allah!"

Iro ya ce, "Rubuta. Ki sa shi a sama, gaban na liman. Ita kaɗai ce ba ta ji kunyata ba."

Aka buɗe shago. Mako uku shiru, sai mutum biyu da suka tambaya suka ɓace. Mutanen Jajaye suka sake aiko da gaisuwa, irin gaisuwar da kowa ya san abin da ke bayanta. Rabi ta rame. Ni kaina na same shi na ce, "Iro, taurin kanka zai raba yarinyar nan da 'ya'yanta." Ya tashi ya tafi wajen amyoyinsa.

Ran nan da hantsi sai ga mota a ƙofar gida, wata mata ta fito, mai shagon kayan abinci a Kaduna. Ta ce sau biyu ana sayar mata da ruwan sukari ta intanet, duk shafukan masu kyau, duk da Bature a ciki, har ta rantse ta daina. Sai ta ga wannan. Ta ce, "Na ce wa maigidana, macuci ba zai sa wannan fuskar ba. Kuma duk wanda ya bar zagin 'yar'uwarsa a saman shagonsa ba ya ɓoye komai. Ina Goggo Asabe?" Aka nuna ni. Ta durƙusa ta gaishe ni har ƙasa.

Iro ya kawo saƙa a ƙwarya, ta sa yatsa ta lasa, ta lumshe ido. Ta ce za ta riƙa ɗauka duk wata. Ya ce, "Duk wata? Zuma ba famfo ba ce. In ta ƙare Rabi za ta rubuta ta ƙare, ki jira bazara kamar kowa." Ta ce ta yarda. Ta miƙa masa katinta mai suna da lambar waya. Jama'a, a gaban matar nan, ya kai shi hanci. Ya ce, "To, babu laifi."

Yaran Rabi suna nan Gwangwan, babbar har ta shiga sakandare. Rabi ta sayi wani keken. Injiniya kuwa, an ce yanzu duk wanda ya je ya yi masa shafi sai ya ce a kawo hoton gaske da shaidar gaske, wai dabararsa ce ta zamani. Allah ya shirye shi.

Bara Iro ya kwanta, kwana tara, hawan jinin nan da ya ce ba nasa ba ne. Bayan an yi arba'in na kira Rabi na ce ta goge maganata daga shafin, ba kyau a bar zagin mamaci a idon duniya. Ta ce, "Goggo, ya bar wasiyya. Ya ce ko an canza komai kada a taɓa ta Asabe." Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar zuma, an ɗaure bakinta da tsumma. Ta ce, "Ya ce a ba ki wannan, amma kada a gyara rubutun, don ba da hannunsa ya ba ki ba."

Ta buɗe mini shafin in gan shi. Ga shi nan a gindin ɗorawa, ido ɗaya a rufe, yana hararar duniya da ɗayan. Ban san sanda na kai wayar hanci ba. Babu ƙamshi, kamar yadda ya faɗa.

Allah ya jiƙan Iro, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa in an buɗe masa ƙofar Aljanna ya sansana ya ce babu laifi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.