Hoton Tocila a Kasuwar Badagishiri

Duk wanda ya ga Mas'udu mai hoto a bakin shagonsa na kusa da tashar Ƙonni, da kyamara rataye a wuya, zai ɗauka nan aka binne cibiyarsa. Alhali a Badagishiri aka haife shi. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Ubansa kuwa ɗan ci-rani ne, wata tara a kudu, wata uku a gida, har shekarar da ya tafi bai sake dawowa ba. Ƙanwar uban, Gwaggo Zuwaira, ita ta ɗauki yaron. Ba ta da ɗa ko ɗiya a raye, mijinta ma bai yi tsawon kwana ba. Da tuyar ƙosai a bakin hanyar Tawa ta ciyar da shi, ta sa shi lakwal, wato makarantar boko, ta riƙa wanke masa rigarsa ɗaya tilo da yamma don ta bushe kafin safiya.

Karatu bai yi nisa ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya hau mota ya sauka Ƙonni, ya kama koyon hoto wurin wani tsohon mai shago. Hannunsa ya yi kyau da wuri. Biki, suna, rabon kyauta a lakwal, fatin sojan da aka ƙara wa girma, duk Mas'udu ake nema. Ya yi aure, ya auri Bushira, suka haifi 'ya mace, Basira. Gwaggo kuwa, ranar Juma'a yake kiranta a salula.

"Gwaggo, akwai abin da kike so?"

"Lahiya lau nike, ɗana. Ba abin da na rasa. Allah shi yi maka albarka."

Wannan amsa takan ishe shi. Da Sallah yakan aika turmin atamfa da sabulu ta hannun direba. Zuwa da ƙafarsa kuwa, sai a yi shekara biyu bai taka ba. Ya ji labarin ta daina tuya saboda hayaƙi na damun idonta, sai ya ce a ransa ai gara ta huta.

Da salula mai hoto ta cika hannun kowa, kasuwar masu hoto ta yi sanyi. Mas'udu ya koma ɗaukar wa 'yan kasuwa hoton haja, su kuma su riƙa turawa a Watsaf. Ta nan ya haɗu da Sanusi, mai sayar da tocila da fil, wato batir, wanda ke ɗauko kaya daga ƙetaren iyaka yana bin kasuwannin ƙauye. Sanusi ya kawo wata sabuwar tocila mai caji, doguwa kamar rodi, ya ce masu lambu da makiyaya ba su yarda da maganar baki.

"Ba jikin tocilar nike so ka ɗauka ba," in ji shi. "Haskenta nike so a gani, yadda shike tahiya."

Mas'udu ya ɗauka abin wasa ne. Daren farko ya fita bayan shago ya ɗauka, hoton ya fito baƙi ƙirin da ɗigon fari a tsakiya. Ya kunna filasha, bango da kwata suka fito tas, hasken tocilar ya ɓace. Abin ya tsaya masa a rai. Mako biyu yana fama, da an sallame magariba sai ya fita. A hankali ya gano cewa dole a kafa kyamara a kan mariƙinta mai ƙafa uku, a kashe filasha, a bar idonta a buɗe har daƙiƙa uku tana shan haske. Ya gano in ya ƙara mata ƙarfin kama haske da yawa, hoton yakan fito tsaki-tsaki kamar an watsa masa dussa. Ya gano a duhu kyamara ba ta iya saita kanta, sai ya murɗa gilashin da hannu. Babban abin da ya gano shi ne haske ba ya ganuwa a iska mai tsabta. Sai akwai hayaƙi ko ƙurar da mota ta tayar, sannan yake fitowa miƙe kamar an shimfiɗa farin ƙyalle.

Da ya nuna wa Sanusi, Sanusi ya buga cinya. Ya ce a je Badagishiri ranar kasuwa a ɗauka a can, inda mutane za su gane rumfunansu, su auna nisan da idonsu.

Suka tafi da motar kaya, suka karya kwana a Tsarnawa, suka isa da hantsi. Mas'udu ya yi niyyar ya leƙa Gwaggo. Amma ya zo hannu wofi, ya ce bari sai an gama. Ya wuni a rumfar Sanusi yana shan shayi da tsofaffin abokan lakwal.

Bayan magariba kasuwa ta watse. Manyan motoci suna ta tashi da albasa, masu tsire suna hura gawayi, iska ta yi kauri daidai yadda yake so. Ya kafa kyamara a bakin layin 'yan hatsi, ya tsayar da Sanusi gefe da tocila a kafaɗa.

"Kunna! Kar ka motsa! Riƙe numfashi!" Muryarsa ta cika layin da babu kowa.

Sau shida ya ɗauka. Suna gamawa direba ya fara danna oda, ya ce ba ya son dare ya yi masa a hanya. Mas'udu ya naɗe kayansa ya hau. Ya ce a ransa zai kira ta ranar Juma'a, ba sai ta san ya zo ba.

Washegari ya zauna gaban kwamfuta. Hasken ya fito da kyau, amma rumfunan sun nutse a duhu, ba mai gane ko ina ne. Sai ya rage farin tsakiya, ya ɗaga inuwar gefe kaɗan-kaɗan. Ginshiƙai suka bayyana, da tabarmin rufi, da wata tsohuwar mota. Can ƙasa ta hannun hagu, inda bakin hasken ya shafi ƙasa, sai ga mace a tsugune, da guntun tsintsiya a hannu ɗaya, da ƙwarya a gabanta. Abin ya burge shi. Mutum in ya motsa cikin daƙiƙa ukun nan, hazo-hazo yake fitowa, wannan kuwa ta fito tsaf kamar an sassaƙa ta. Ya ce ta ba hoton rai. Har ya ƙara mata haske ita kaɗai, don a ga tocilar ta kai inda take. Bai buɗe hoton da girma ya dubi fuskar ba. Ya tura wa Sanusi.

Sanusi ya rubuta a ƙasa: tocilar da ke nuna ko ƙwayar gero a ƙasa. Ya saka a rukunin Watsaf na 'yan Badagishiri, ya saka a na masu lambu.

Da daddare wajen cin tuwo, Mas'udu ya miƙa wa Bushira salula yana murmushi. Ta duba, ta yaba. Sannan ta sa yatsu biyu ta buɗe kusurwar hagu. Ta daɗe tana kallo.

"Baban Basira, wanga zane hwa?"

"Mi ya samu zanen?"

"Ni na zaɓe shi da hannuna Sallar bara. Mai ganyen kuka. Duba wuyan hannun, duba tabon mai."

Ya karɓa ya duba. Rabin fuskar ne kawai, ɗankwali ya rufe sauran. Amma wannan haɓa, da wannan tabon ƙunar man ƙosai, ya san su tun kafin ya san harafi. Lomar da ke hannunsa ya mayar cikin kwano.

Ya kira Sanusi ya ce ya goge. Sanusi ya rantse bai san ta ba, ya goge nan take, amma hoton ya riga ya wuni a hannun mutane. Da safe salula ta yi ƙara. Baba Chindo ne, tsohon da katangarsa ke haɗe da ta Gwaggo.

"Mas'udu, ashe ka zo gari?"

"Na zo, Baba, aiki ne ya…"

"Mun ga aikin. Damana biyu gonarta ba ta yi ba. Mu maƙwabta mun sani, munka yi kamar ba mu sani ba. Ita ma takan bari sai duhu ya yi ta hita, don ta rufa ma kanta asiri, ta rufa maka. Tun jiya ko rijiya ba ta je ba." Ya kashe.

Mas'udu bai buɗe shago ba ranar. Ya hau mota ta farko. Da ya sauka bai bi ta kasuwa ba, ya zaga ta bayan lambuna, yana jin kamar kowane mai ban-ruwa da ya ɗago kai shi yake kallo.

Ya same ta zaune a ƙofar ɗaki tana tsince tsakuwa daga gero a faifai. Ta rame fiye da yadda muryarta ke nunawa a salula. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa kamar jiya suka rabu, ta tambayi Bushira da yarinya, ta tashi ta kawo masa ruwa. Ya sha. Ya ajiye kofin a gefe.

"Gwaggo, hoton nan…"

"Na kaji ne," ta ce da sauri. "Abin da ya zube ƙasa nike share ma kaji."

Ya dubi tsakar gidan. Akurkin yana nan a jingine, ƙofarsa a ɓalle, ko gashin kaza babu. Ita ma ta bi idonsa da kallo. Sai ta ajiye faifan.

"Na ji muryarka," ta ce a hankali. "Tun da ka ce kunna na san kai ne. Na ce in na tashi za ka gan ni gaban abokinka, ka ji kunya. Shi ya sa na daskare wuri guda, ko numfashi ban yi ba, har kunka tahi."

Mas'udu ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Ya so ya ce bai gane ta ba, sai ya ga wannan ya fi komai muni. Hawaye suka riƙa ɗiga kan takalminsa.

"Don mi ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni abin da nike so. Ba ka taɓa tambayata mi na ci ba." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta. "Kuma kai ma da iyalinka. An ce sana'arku ta mutu."

Ya roƙe ta ta bi shi Ƙonni, ya ce akwai ɗaki. Ta ce ba ta barin ɗakinta a ce hoto ya kore ta daga gari. Ya ce to bari ya shiga kasuwa yanzu ya sa a kawo buhu a amalanke. Nan ta ɗago kai, idonta ya yi ja.

"Kar ka soma. Buhu ya shigo gidan ga yau, gobe gari duka ya ce sai da anka gan ni a salula kahin ɗana ya tuna da ni. Ka bar ni da abin da ya saura."

Haka ya koma Ƙonni bai ajiye mata komai ba. Bushira ce ta samo dabara. Bayan mako guda ta shirya ita da Basira, ta ce yarinya ce ke son ganin kakarta, ta ƙulla gero da wake da daddawa a cikin kayan sawarsu. Suka kwana huɗu. Ranar da za su dawo, Gwaggo ta rako su har bakin hanya, wannan ne fitarta ta farko. Matan unguwa suka gaishe ta, ba wadda ta ɗaga maganar.

Tun daga nan ba a yin mako biyu Mas'udu bai je ba. Kullum da jakar kyamara a kafaɗa, wani lokaci ba kyamarar a ciki, sai tiya biyu ta hatsi. Yakan zauna ya ci abin da ta dafa, don ya ga da idonsa. Ya gyara mata danga, ya kai ta aka duba idon. Baba Chindo ya yi wata uku yana amsa gaisuwarsa da kai kawai, kafin wata rana ya matsa masa a tabarma.

Tocilar ta sayu, 'yan kasuwa biyu suka zo neman irin hoton, ya yi musu, don da sana'ar yake ci. Amma a bayan shagonsa yake ɗauka, inda ba kowa sai bango. Har yau in wani ya yaba masa da cewa shi ne mai hoton hasken nan na Badagishiri, sai ya kama goge gilashin kyamara har mutumin ya canza magana.

Bana katin ɗan ƙasa na Gwaggo ya ƙare, aka ce sai da sabon hoto. Mas'udu ya ji labari, ya zo da farin ƙyalle da kyamara, ya rataya ƙyallen a bangon ɗakinta. Ta dube shi, ta dubi ƙyallen, ta ce ya bari tukuna, kanta ba kitso. Da ya dawo bayan kwana goma ya tarar da ƙananan hotuna huɗu a cikin kwanon da take ajiye allura. Ta hau mota ita kaɗai ta je Illela, wani baƙon mai hoto ya ɗauke ta. Hasken bai yi daidai ba, rabin fuskar ya yi duhu. Mas'udu ya juya su a hannu, ya ce sun yi kyau, ya mayar da su cikin kwanon ya rufe.