Wainar Mai Wushirya

Jiya da yamma na jiƙa shinkafa. Yau da safe da na buɗe robar ƙullun, tsamin nan mai daɗi ya bugi hancina, sai da na jawo kujera na zauna. Rabona da wannan ƙamshi a ɗakin girkina har na manta. Idan ina marmarin waina, akwai wata mata 'yar Damagaram a unguwar Al Rigga, nan Dubai, da take yi ranar Juma'a, a wurinta nake saya. Amma wainar yau ba ta saye ba ce. Zan gaya muku dalili, sai dai ku yi haƙuri da ni, don ni in na fara labari sai na zagaya.

A unguwar Abu Hail na girma, a hawa na uku na wani tsohon gini da ke da kantin kayan masarufi a ƙasa. Baba aikin kago yake yi. Shi ke tarbar 'yan kasuwar Kano, ya zaga da su kasuwa, ya haɗa musu kaya a kwantena. Falonmu kullum cike yake da kwalayen takalma da na turare, har sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Ina shekara takwas Umma ta rasu, bayan ciwon da ya kusa shekara yana cin ta. A maƙabartar Al Quoz aka binne ta a ranar. Mahaifiyarta tana Kano, a waya ta ji. Sai bayan arba'in biza ta fito, ta zo ta zauna da ni.

Kaka gajeruwa ce, haƙoranta sun rine da goro. Ta sauka da kuka da daddawa da wata baƙar tandar waina naɗe cikin zani, kamar an ce mata babu wuta a ƙasar Larabawa. Ba ta yarda da lif ba, ta ce ita ba za ta shiga akwatin da babu direba ba, don haka matakala take bi tana hutawa a kowane hawa. A tsakiyar zafin Dubai, lokacin da tagogi ke yin gumi kuma ruwan famfo ke ƙona hannu, ita rigar sanyi take sawa saboda na'urar sanyaya ɗaki tana shiga mata ƙashi.

Abu ɗaya nake jira daga gare ta, ta yi kukan Umma tare da ni. Na tanadi labarai da yawa da zan ba ta. Amma ranar da ta iso, ta shiga ɗakin Umma, ta ninke kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya jiƙan bayinsa, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci. Idonta a bushe. Ko sunan Umma ba ta faɗa. In zance ya tilasta mata sai ta ce "mai ɗakin nan." Na sa wannan a raina na ajiye, kuma ni tun ina ƙarama ba na mantuwa.

Bayan la'asar wata tashar talabijin tana maimaita wani tsohon shirin Amurka na wani asibiti. A cikinsa akwai wata nas, baƙar fata, doguwa, mai wushirya, wadda in za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannunta. Rana ta farko da Kaka ta gan ta, carbin hannunta ya tsaya. Washegari tun kafin lokaci ta shimfiɗa darduma a gaban talabijin ta zauna. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, ni kuwa makarantar Indiyawa nake zuwa, sai na zama tafinta.

"Malama tafinta, zo ki gaya mini me Mai Wushirya take cewa."

"Cewa ta yi likitan nan bai san aikinsa ba."

"Ai na gani a idonsa. Ita kuwa tun ɗazu a tsaye take, ta ci abinci kuwa?"

Haka muka yi watanni. Ni ma na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba, don lokacin ne kawai take jawo ni jikinta tana tsefe mini kai. Wata rana na ga hoton matar a wata mujalla a kantin ƙasa, na roƙi Baba ya saya mini. Na karanta wa Kaka tarihinta. A kudancin ƙasarsu aka haife ta, uwarta wankau take yi. Tana yarinya take waƙa a coci, da ta girma ta tafi babban birni ta yi shekaru tana raba abinci a gidan cin abinci, tana zuwa gwajin fim ana sallamar ta. Da aka fara ɗaukar ta ma, 'yar aiki ake sa ta fito, ta buɗe ƙofa, ta kawo shayi, ta fita. Sai a wannan shirin na asibiti aka ba ta bakin magana. Ta yi aure sau biyu, duka ba su daɗe ba. Kaka ta saurara kamar ana ba ta labarin 'yar maƙwabta, ta girgiza kai ta ce, "Baiwar Allah ta sha wuya. Allah ya ba ta miji mai haƙuri."

Da sanyi ya shigo, ranar da aka yi ɗan ruwan saman da ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara, aka kashe Mai Wushirya a shirin. Ciwo ya kwantar da ita a gadon asibitin da take aiki, ta rame, aka nuna na'urar bugun zuciya ta ja layi. Ban gama fassarawa ba na ji wata irin murya a bayana da ban taɓa ji ba. Kaka ce ta kife fuskarta a kan darduma tana kuka, irin kukan da ke fitowa daga ciki, kafaɗunta na rawa. Na tsaya ina kallon ta. Na ce mata wasa ne, matar tana nan da ranta, mujalla ma ta ce saɓani ta samu da masu shirin shi ya sa suka cire ta. Ta ce, "Na ji," ta ci gaba da kukanta har aka kira magariba.

Rana ta uku ta fito da tandar nan. Tun safe gidan ya cika da ƙamshin man gyaɗa da tsamin ƙullu. Ta jera waina a babban faranti, ta rufe da ƙyalle, ta ce in kai wa maigadi, da Basudaniyar hawa na biyu, da 'yan kasuwar da Baba ya sauke a ɗakin ƙasa, in ce sadaka ce, su yi addu'a.

Na ɗauki farantin na sauka. Zafinsa yana ratsa ƙyallen yana ƙona mini tafin hannu, zuciyata kuma ta fi shi zafi. Na wuce ƙofar Basudaniya, na wuce maigadi, na zagaya bayan gini inda manyan bololin shara suke, na juye wainar duka. Maguna suka taru. Na hau sama da farantin a hannu.

"Sun karɓa?" in ji Kaka.

"Na zubar a bola," na ce. "Uwata ta mutu ko hawaye ba ki yi ba. Ko sunanta ba kya iya faɗa. Amma matar da ba ta san kina duniya ba, wadda ma ba ta mutu ba, ita kike yi wa kuka da sadaka. Ba kya son Umma."

Leɓunanta suka motsa kamar za ta yi magana. Sai ta karɓi farantin ta kai wurin wanke-wanke, ta ce, "Kin yi azahar?"

Daga ranar ta daina kallon komai. In la'asar ta yi sai ta yafa wa talabijin ƙyalle ta zauna da carbinta. Ni kuma na ɗaure fuska, daga gaisuwa ba na ƙara mata ko uffan. Baba bai san abin da ya faru ba. Kunyar suruka ba ta barin sa zama ɗaki ɗaya da ita, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta ya wuce. Da aka kasa sabunta mata biza, muka raka ta filin jirgi. Ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Na bar miki tandar." Na zare hannuna. Bayan haka in Sallah ta zo Baba ya miƙo mini waya, sai in ce ina yini, an yi Sallah lafiya, in mayar masa. Shekara biyu da komawarta ta rasu a Kano.

Ina jami'a ƙanwar Umma ta zo sarin abaya, ta sauka a wurinmu. Muna cin abinci talabijin na kunne, sai ga Mai Wushirya a wani sabon shiri, ta fito a alƙaliya, ta ɗan yi jiki. Wani ya faɗi abin dariya, ta ɗaga bayan hannu ta rufe baki. Cokali ya faɗi daga hannun Anti.

"Innalillahi. Wannan ai Yaya ce sak."

Na ce ban ga kama ba. Ta ce, "Ke da ciwo kika fi sanin ta, kuma Babanki ya ɓoye hotuna. Mu da muka san ta tana budurwa, wallahi har dariyar." Ta goge ido ta ƙara da cewa, "Ashe wannan ce Hajiya take faɗa."

Na tambaye ta me Kaka ta faɗa. Kafin ta amsa sai da ta yi mini bayanin abin da kowane yaro a Kano ya tashi ya sani, ni kuwa da na tashi a hawa na uku a Abu Hail babu wanda ya taɓa gaya mini. Umma 'yar fari ce. Matan zamanin Kaka ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa nuna ya dame su, ko da zuciyarsu za ta tsage. Ranar da aka bugo waya da labarin rasuwar, Kaka tana tankaɗe. Ta ce Allah ya jiƙanta, ta ci gaba da tankaɗenta, mata suka yi ta yaba mata dauriya.

"Da ta dawo daga nan," in ji Anti, "ta ce mini ta sami Yaya a can cikin akwatin talabijin, ta yi watanni tana ganin ta kullum, kuma Allah ya ba ta inda za ta yi kukanta babu mai cewa ta yi rashin kunya. Ta ce har sadaka ta yi mata, jikarta ce ta raba gida gida, yarinya mai hankali."

Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji ni. Ban gaya wa Anti gaskiya ba, ban kuma taɓa gaya wa Baba ba. Ku ne na farko.

Tun daga lokacin na shiga bin matar nan. Duk abin da ta fito a ciki sai na nemo shi. Bayan an cire ta daga shirin asibiti ta yi shekaru babu mai kiran ta, har tallan maganin ciwon gwiwa ta yi. Daga baya ta dawo tana fitowa a uwa, sannan a kaka. Sai da ta tsufa tana dogara sanda aka kira ta kan dandamali aka ba ta lambar yabon da ya kamata a ba ta tun tana da ƙarfinta, ta karɓa ta rufe baki da bayan hannu. Mijina yana yi mini tsiya wai na fi danginta sanin ta. Bai san abin da nake kallo ba. Umma ba ta kai arba'in ba, amma a fuskar wannan baiwar Allah na ga yadda furfura za ta fito mata, na ga yadda kumatunta za su sauka, na ga wushiryar ta ƙara faɗi. Duk fim ɗin da ya fito, sai in ce da Kaka tana nan da na fassara mata.

Kwana uku da suka wuce, ina cikin jirgin ƙasa zan tafi aiki, na gani a waya cewa ta rasu a gidanta, cikin barci. Wannan karon babu masu shiri, babu saɓani. Na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Yanzu ni ma ina da 'yar fari. Sunanta nake kira tun safe har dare, ina rungume ta a tsakiyar kasuwa, in ta yi zazzaɓi kowa a ofis sai ya ji. Babu wanda ya taɓa cewa na yi rashin kunya. Ba za ta taɓa zama tana tunanin ko ina son ta ba, kuma na gode wa Allah da haka. Amma wani lokaci ina kallon ta sai in tuna da tsohuwar da ta haɗiye suna guda shekara talatin da wani abu, ta hau jirgi ta ƙetare teku da shi a maƙogwaro, sannan 'yar shekara tara ta tsaya a gabanta ta ce ba ta son 'yarta. Wannan ciwon bai warke mini ba, kuma ban ga ranar warkewarsa ba.

Tandar tana nan, ta ƙara baƙi. Wainar farko ta kama, ta biyu ta ƙone, daga ta uku hannuna ya faɗa. Na jera a faranti na rufe da ƙyalle, na bi matakala duk da lif ɗinmu yana aiki. Na ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Wasu sun karɓa da mamaki, wata 'yar Filifin ta tambaya ko akwai yaji. Na ƙarshe shi ne maigadinmu, wani dattijo ɗan Pakistan. Ya ɗaga ƙyallen, ya ji na ce sadaka, sai ya cire hularsa ya tambaye ni da guntun Larabcinsa, "Mama, wa ya rasu?"

Na tsaya da farantin a hannu, zafinsa yana ratsa ƙyallen.

Na ce, "Kakata ce ta aike ni. Na daɗe a hanya."