Fensirin da Na Goge a Najma

Wata ranar Alhamis, a shekarar da na shiga aji biyar, Baba ya dawo gidanmu na unguwar Najma da wani ƙaton littafi a hammata, ya dire shi kan tabarma, ya miƙo mini sabuwar kilina. Direba ne a Doha, yana tuƙa wani Bature mai jagorantar makaɗa, wanda muke kira Tsoho a bayan idonsa. Tsoho ya yi tafiya ya manta littafin a kujerar baya. Baba ya buɗe ya tarar an yi wa kowane shafi kaca-kaca da fensir, ya ce aikin jikokin Tsoho ne marasa jin magana, kuma ba za a ce a motarsa aka ɓata littafin maigida ba. "Hajara, goge shi tas," in ji shi.

Ni kuwa a wajen gugar fensir ba ni da na biyu a ajinmu. Na gama wanke-wanke, na ƙi sauka wasan 'yar gala-gala da yaran maƙwabta, na kwanta rub da ciki kusa da bokitin da iyakwandishan ke ɗiga a ciki. Ina gogewa ina hurewa, kafin magariba shafi talatin sun yi fes. Umma har ta ƙara mini tsokar kifin kasuwar Wakra.

Ranar Asabar Baba ya dawo a ƙasa, an karɓe makullin mota. Ashe littafin na simfoni ne, dogon kiɗan nan da mutum kusan ɗari ke haɗuwa su yi. Wanda ya tsara shi tun zamanin kakanni sau biyu ya rubuta shi. Na farko aka kushe wai ya cika tsawo, ya koma ya datse, ya sauya wuraren da ƙahonni ke shigowa. Na biyun ne a littafin. Fensirin kuwa hannun Tsoho ne, shekara da shekaru yana rubuta yadda na farkon yake a kowane layi, kuma na farkon zai jagoranta bayan wata biyu. Tsoho ne kafil ɗin Baba, wato da sunansa muke da takardar zama a ƙasar. In ya ce khalas, wato an gama, sai mu tattara mu koma Katsina, karatuna ya tsaya a tsakiyar zango.

Na tsorata ƙwarai, amma na ce a kai ni wurinsa. Baba ya ce raini zan ƙaro masa. Umma ta ce, "Kowa ya ɗaure kura, ya san yadda zai kwance ta."

Abin da na sani shi ne Tsoho na danna fensir kamar mai haƙa rami, don na ji a yatsana lokacin da nake gogewa. Da Baba ya kai ni falonsa, na karkata shafin wajen taga, sai ga sawun rubutun nan kwance a takarda. Ya cire tabarau, ya mayar, bai ga komai ba. Ni ina gani sarai. Ya miƙo mini fensir.

Mako uku kullum bayan makaranta ina bin sawun nan, shi yana rera wurin da baki, in na kauce ya buga tebur, Baba na zaune a bakin ƙofa yana jan carbi. Tsoho yakan kunna mini faifan na farkon da na biyun in ji bambanci. Ranar da muka gama ya tambaye ni wanne na fi so. Na ce na farko, na biyun kamar mai sauri yake kada a katse masa magana. Ya yi dariya har da tari, ya leƙa ya kira Baba da sunansa, ya miƙa masa makulli. Baba ya karɓa da hannu biyu.

Yanzu makaɗa a allon kwamfuta suke rubutu, in an goge a dawo da shi da yatsa ɗaya. An rushe benenmu na Najma. Ni ina nan Doha da aikina da 'ya'yana, ina kunna na farkon a mota in cunkoso ya riƙe ni. Baba ya yi wa Tsoho tuƙi har na gama sakandare, kuma har Baba ya rasu bai taɓa jin kiɗan nan zuwa ƙarshe ba, wai la'asar za ta wuce shi. Ina kewarsa sosai.