Kifin Goggo a Barandar Bakin Teku

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da nake lise, wato sakandare, har sunayen wasu malamanmu sun gudu daga kaina. Amma tafiyar da muka yi Tunisiya, da abin da kifin Goggo ya so ya jawo mana, wannan kam ko na tsufa ina dogara sanda ba zai fita daga raina ba.

Ciwon ido ne ya kai mu. Yana ta rufe wa Baba ido ɗaya, har ya kai ba ya iya bambance launin atamfa a shagonsa na babbar kasuwar Garwa. Aka ba shi shawarar wani asibiti a Sousse, wani gari na bakin teku da mutane ke zuwa hutu. Mama ta bi shi don jinya. Ni kuma aka ɗauke ni saboda ana hutun makaranta, kuma bayan Baba ni ce mai Faransanci a gidan. Wannan ya ba 'yan gidanmu dariya sosai, don a lokacin ko baƙuwa ce ta yi sallama, bayan labule nake shigewa. Goggo, yayar Baba, ita ba wanda ya gayyace ta. Cewa ta yi ba za a taɓa idon ƙaninta tana zaune a Garwa tana korar ƙuda ba, ta haɗa jakarta.

Goggo sana'arta kifi. Daga tafkin Lagdo ake kawo mata, ta fede, ta yi bandar wani, ta shanya wani. Har daga Ngong da Bibemi mata ke aiko mata, kuma ba ta gajiya da faɗin cewa kifin da ya bi ta hannunta ko shekara zai yi bai canja ba.

Mun kama ɗakuna a hawa na uku na wani gida fari mai shuɗayen tagogi. Mai gidan wata dattijuwa ce da ke zaune a ƙasa, gajera, tana rataye tabarau a wuya da zare. Madam muke ce mata. Asibitin na tsallaken titi, kuma dalilin zaɓen gidan ke nan, don bayan aiki likita na son ganin Baba kowace safiya, ba ya kuma son ya sha jijjigar mota.

Baranda ce ta fi burge ni. Daga nan ake ganin tekun shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Goggo ta daɗe tana kallo, hannu a ƙugu, sannan ta ce, "To ina ɗaya gaɓar?" Mu da muka saba da kogin Binuwai, inda kake hango mai wanki a tsallake. Mun baro Garwa tana tafasa da zafin bazara, amma a nan rana sai haske kawai, ba ta cizo. Muna cikin rigunan sanyi, ga Turawa can kwance a kan yashi sun baje.

"Ke 'yar nan, me waɗancan suke yi?"

"Rana suke sha, Goggo."

"Shanya kansu suke yi ke nan." Ta gyaɗa kai. "Ashe garin na shanya ne."

Da na san inda wannan magana za ta kai mu, da na nuna mata wani wajen.

Ni mai shiru ce, kuma mai shiru ba ta da aiki sai kallo. Tun kwanakin farko na lura tawul ɗin da na shanya da safe har yamma da sanyinsa. Gishirin da ke cikin kwalba ya dunƙule, sai an buga shi da cokali. Biskit ɗin da na bari a buɗe ya yi laushi kamar an lasa. Da safe gilashin taga gumi yake yi. Duk ina gani, ina ajiyewa a raina.

Aka yi wa Baba aiki lafiya, aka dawo da shi da bandeji a ido da dogon gargaɗi: kada ya sunkuya, kada ya ɗaga abu, kada ransa ya ɓaci don jininsa na hawa. Hankali ya kwanta, sai Goggo ta ce in raka ta kasuwa. A can ta ga sardin ɗanye, tuli guda yana ƙyalli kamar sabbin cokula.

"Wannan ba shi ne na gwangwani ba?" in ji ta. "Ashe yana da kai!"

Da ta ji arahar sa sai idonta ya buɗe. Ta ce ga tsarabar mutanen Garwa ta samu. Muka dawo da ledoji cike, hannuna har ya yi shati.

Banda ta so yi tun farko, ta ce a nemo mata gawayi da waya. Mama ta lallaɓa ta da ƙyar, ta ce, "Yaya, hayaƙi zai shiga idon Alhaji." Sai ta haƙura da shanya. Ta fede su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗan barbaɗa gishiri kamar yadda take yi a gida, ta jera su a igiyar shanyar kaya, kowane kifi da abin maƙale wanki a jelarsa. Saura ta baza a kan farantai. Gaskiya sun yi kyau, iska na kaɗa su suna walƙiya.

Na raɗa wa Mama cewa ko tawul ba ya bushewa a garin nan. Mama ta dubi bayan Goggo, ta dube ni, ta ce, "To je ki faɗa mata." Ba wadda ta je a cikinmu.

Tsuntsaye ne suka fara zuwa. Farare ne kamar balbela, amma masu ƙiba da rashin kunya, kukansu kamar dariyar mugunta. Goggo ta ɗauki tsintsiya ta zauna gadi, tana zaginsu da Hausa, in abin ya ci tura ta koma Fillanci. Bayansu ƙudaje suka iso. Daga nan sai wari. Kifin ya ƙi bushewa, ya yi laushi, yana ɗigar da wani ruwa mai maiƙo. Goggo ta ce ranar ce ke wasa, gobe za ta fito sosai.

Baba na kwance a ɗaki, ya shaƙi iska ya ce, "Yaya, wai tekun nan ne ke wari haka?"

"Shi ne mana. Ruwan da ba ya zuwa ko'ina ai dole ya yi wari."

Mama ta toshe baki da mayafi ta shige kicin.

Wata safiya, Baba ya dawo daga wajen likita ya samu barci, sai aka buga ƙofa da ƙarfi. Madam ce, riƙe da farin zanen gado da ya yi ɗige-ɗigen rawaya. Na wasu tsofaffin Turawa ne, mata da miji, da ke hawa na biyu, barandarsu daidai ƙarƙashin tamu. Ba ta jira an ce ta shigo ba, ta wuce baranda. Ta tsaya gaban igiyoyin, ta ɗora tabarau a hanci, ta cire, ta sake ɗorawa. Sai magana ta ɓalle mata da Faransanci haɗe da Larabci.

"Me take cewa?" in ji Goggo. "In saye take so, ce mata bai bushe ba tukuna."

Abin da Madam ta ce shi ne baƙinta na hawa na biyu sun ce za su tashi, maƙwabta sun kawo ƙara, don haka gobe mu bar mata gidanta. Ta dire wa Mama zanen a hannu, ta fita.

Da na fassara, Mama ta zauna a hannun kujera. Ina za mu je da mutumin da aka hana shi ko sunkuyawa? Wa zai yi yawon neman gida a garin da ba mu san kowa ba? Kuma in aka tashi Baba aka gaya masa, jininsa fa? Goggo ta ce tsoratarwa ce kawai. Mama ta juyo ta kalle ni.

"Ke za ki je ki ba ta haƙuri."

"Mama, ni?"

"To wa? Ni da 'bonjur' ɗina?"

Ban taɓa jin matakala ta yi min gajarta irin ta ranar ba. Ina sauka ina shirya jimloli irin na littafin makaranta, ina isa ƙofarta duk suka watse. Ta buɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa. Muryata ta fito ƙarama kamar ta sauro.

"Madam, ki yi haƙuri. Ba raini ba ne. Ba mu sani ba ne."

"Ba ku san kifi na ruɓewa ba?"

"A garinmu ba ya ruɓewa. Bushewa yake yi."

Ta ɗaga gira. Ban san daga ina maganar ta zo min ba, sai na ji ina ba ta labarin Garwa. Na ce mata a can in kina shanya wanki, kafin ki maƙala na ƙarshe na farko ya bushe. Tumatir da kuɓewa da nama duk rana muke ba wa ajiya. Burodin safe in ya kai azahar a buɗe sai dai a jiƙa shi a shayi. Na ce Goggona duk garin an san ta da kifi, tsaraba take so ta kai wa mutane, ta ga rana ta ɗauka irin tamu ce. Na ƙare da Baba da idonsa, a nan ne muryar ta fara rawa.

Madam ta ɗora tabarau a hanci ta dube ni. Can ta ce, "Kafin ki maƙala na ƙarshe?"

"Wallahi, Madam."

"Ni kuwa da sanyi sai wankina ya kwana ya wuni yana kallona." Bakinta ya ɗan motsa, ta danne dariyar. Sannan ta ɗaga yatsa. Kifin ya bar gidan kafin la'asar. A wanke barandarmu da ta ƙasa. A wanke zanen baƙinta. In an yi haka, mu zauna har likita ya sallami Baba.

Na hau sama da gudu, sai a bakin ƙofa na tuna saura babban aikin. Na samu Goggo a baranda ita kaɗai, ta ajiye tsintsiya. Ta ciro kifi ɗaya ta matsa shi da yatsa, yatsan ya nutse. Ta kai hanci, ta kawar da kai. Na durƙusa na faɗa mata sharaɗin Madam, ina jiran faɗa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon ranar nan mai haske ba zafi, sannan ta ce, "Oh ni! Ashe duk shekarun nan rana ce ke yi min aikin, ni ina karɓar yabo." Ta juyo. "Kawo leda, 'yar nan. Kuma in kika ba da labarin nan a Garwa, ni da ke ne."

Muka sauke kifin muka ƙulle. Goggo na gaba da leda biyu, ina biye, kafin mu kai kwandon shara na bakin titi kuliyoyin unguwar kaf sun jeru a bayanmu kamar masu rakiyar gawa. Da muka dawo ta karɓe zanen daga hannun Mama, ta ce ita ta ɓata, ita za ta wanke. Ta wanke shi fes, ta kai wa Turawan da kanta, tana yi musu bayani da Hausa suna ta gyaɗa kai.

Da la'asar Baba ya farka, ya ja numfashi mai tsawo.

"Ikon Allah. Yaya, yau tekun ya yi wanka ne?"

"Kwanta ka huta, Alhaji. Likita ya hana ka surutu."

"Ido aka rufe min, Yaya, ba hanci ba."

Dariyar da muka yi har Mama na roƙonsa ya bari kada ɗinkin ya motsa.

Mun zauna a gidan har aka cire bandeji, Baba ya tsaya a baranda ya ga tekun da idonsa biyu. Dabino da man zaitun muka kai wa mutane tsaraba, kowa ya yi godiya. Goggo ta koma kan sana'arta, kifinta na bushewa ƙayau kamar da, sai dai ta rage cika baki, kaɗan.

Abin da na koya a barandar nan shi ne, yawancin abin da muke taƙama mun iya, garinmu ne ke riƙe mana rabinsa ba mu sani ba. Shi ya sa har yau in na sauka a baƙon wuri ba na saurin kwance gwanintata. Sai na zauna na ga yadda mutanen wurin ke yi, in ban gane ba in buɗe baki in tambaya, ko da muryar za ta yi rawa.