Tsatsar Ƙofar Tela

Shekara talatin da ɗoriya Mai Agogo ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago mai taga ɗaya, ƙofarsa na kallon ƙofar Tela. Mutum ne marar yawan magana. In ka kai masa agogo sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, ya ce ka dawo jibi, kuma jibin ba ya zama gata. Da wayar hannu ta shigo, kowa ya koma duba lokaci a aljihunsa, aiki ya yi ta janyewa har ya rage sai sauya batir. Bai yi ƙorafi ba. Kullum yana buɗe shago, da la'asar kuma ya tsallako titi ya zauna a bencin Tela su sha shayi. Wannan zaman shi ne abin da Tela ya fi so a yininsa, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Ana nan sai 'yar Mai Agogo da ke aure a nesa ta aiko masa da wani kwali. A ciki akwai gutsattsarin roba fiye da ɗari biyu, in an haɗa su da gam sai su zama 'yar tankar yaƙi mai tsawon tafin hannu. Ta ce don kada hannunsa ya mutu. Mutumin da ko bindigar wasa bai taɓa riƙewa ba, sai ga shi ya duƙufa. Tela ya gan ta da farko, koriya shar tana sheƙi, ya yi dariya ya ce, "Tsufa ya zo mana da wasan yara." Mai Agogo ya ce bai gama ba tukuna. Daga ranar bai sake nuna masa komai ba, ya kuma rataya labule a tagarsa.

Wata safiya Tela ya yi sammako, sai ya hango mutum tsugune a ƙofar shagonsa. Ya laɓe a bayan wata mota. Mai Agogo ne, da 'yar wuƙa a hannu, yana kankare sakatar ƙofar, garin tsatsa na zuba a kan takarda. Da ya gama ya sa yatsu biyu ya tsinci ƙurar dandamali, daidai inda Tela ke sa ƙafa in zai shiga. Ya ninke takardun, ya yi rubutu a kansu, ya zura a aljihu, ya waiga hagu da dama, ya koma shagonsa.

Tela ya fito daga bayan motar. Ya yi niyyar ya bar abin a cikinsa, amma da ya koma gida bakinsa ya suɓuce.

"Ƙasar da kake takawa?" in ji matarsa. "A takarda? Har da rubutu?"

"Ke dai kada ki kai maganar nesa. Shekara talatin muna tare."

"To wa kake so ya san inda kake taka ƙafa, Malam, baƙo? Allura nawa kekenka ya karya a satin nan?"

"Uku."

"Idon da kake cewa yana maka hazo fa? Da matar da ta zo ta karɓe yadinta ba a ɗinka ba?"

Tela ya ce allurar zamani ce ba ta da ƙwari. Amma maganar ta zauna masa. Ya shiga sa ido ta bayan keken ɗinkinsa. Ya ga abokinsa a garejin makanikai yana ɗibar baƙar ƙasa. Ya gan shi wurin mai shayi yana goge gindin buta da tsumma, yana adana tsumman. Duk abin da a da zai kalla ya yi dariya, yanzu sai ya zama masa abin zargi. In Mai Agogo ya miƙo masa kofi, sai ya kai bakinsa ya ajiye bai kurɓa ba. Kowace safiya ya share dandamali ya kwara ruwa. Ƙarshe ya shigar da bencin ciki, ya ce ƙafar bencin ta karye. Mai Agogo ya tsallako da la'asar, ya tsaya ya dubi wurin da bencin yake, ya yi gaisuwa a tsaye ya koma.

Kwana tara ba su zauna ba. A na goma Tela ya kasa ɗinki. Ya ce ko mene ne gara ya gani da idonsa. Ya tsallaka, ya yi sallama, bai jira amsa ba ya ɗaga labulen ƙofa.

Mai Agogo na zaune da gilashin aikinsa a ido ɗaya. A gefen tebur kwalayen ashana ne jere, sun kai ashirin, kowanne da rubutu. Tela ya karanta na kusa da shi. "Tela, sakata." Na biye da shi, "Tela, bakin ƙofa."

"Wannan fa?" in ji Tela. "Me na yi maka?"

"Kada ka yi numfashi da ƙarfi," in ji Mai Agogo, bai ɗago ba. "Bai bushe ba."

Tankar ce a gabansa, amma Tela bai gane ta ba. Sheƙin nan ya tafi. Laka ta bushe a sarƙar ƙafafunta, bakin bindigar ya yi baƙi, tsatsa ta zubo daga kan kusoshi kamar ruwan sama ya shekara yana dukanta. Sai ka ce ka matsa gefe kada ta taka ka.

"Sabuwa ba ta kama da gaskiya," in ji Mai Agogo. "Dole a tsufar da ita. Fenti ba ya ba ni jan da nake so, sai tsatsa ta ainihi. Na gwada ƙofa bakwai a layin nan, taka ta fi laushi. Ƙurar dandamalinka kuma ba ta da tsakuwa, in na tace ta a tsohuwar safa na jiƙa da kananzir sai ta kwanta lub. Baƙin bakin bindigar na butar mai shayi ne. Gefen ƙarfen nan da ke ƙyalli, fensir na goga."

"To me ya hana ka tambaye ni?"

"Ka riga ka ce wasan yara ne. In zo in ce ka ba ni dattin ƙofarka, ka samu abin ba wa layi labari?"

Ya cire gilashin, ya dubi Tela da ido biyu. Ya daɗe yana dubansa.

"Af," ya ce a hankali. "Ashe ƙafar bencin lafiyarta lau."

Mai Agogo ya ɗauki kwalayen nan biyu, ya kamo hannun Tela, ya juye su a tafinsa, ya ninke masa yatsu a kai.

"Ga kayanka. Abin da ya hau kan tankar ba zai fita ba, sai ka yi haƙuri."

Ranar Tela bai ɗinka ko aljihu ba. Washegari ya nemo sukundireba ya kwance tsohuwar sakatar ɗungurungum, ya fito da benci ya ajiye a wurinsa, ya ɗora ta a kai. La'asar ta yi, shayi ya huce, ya sake ɗumama shi. Can sai labule ya motsa. Mai Agogo ya tsallako a hankali, ya ɗauki sakatar, ya juya ta, ya kankara da farce, ya duba farcen.

"Sakatar ƙasa ka ciro," ya ce. "Ta sama ce mai kyan."

Bai zauna a wurinsa na da ba. Ya zauna can bakin bencin, da sakatar a cinyarsa. Tela ya zuba kofi biyu, ya ɗauki nasa ya shanye tas a gabansa.